Saurin kawowa: yadda zaka koyi riƙe kanka, da lokacin da ya kamata ka ga likita

Akwai maganar da namiji zai iya shekara goma yana dakonta a ciki bai faɗa ma kowa ba, ko amininsa bai sani ba, kuma saurin kawowa na sahun gaba a irin waɗannan maganganu. Mutum zai kusanci iyalinsa, ko minti ɗaya ba a yi ba komai ya ƙare, sai ya juya baya yayi lamo kamar mai barci alhali idonsa biyu, ita ma tayi shiru, gobe haka jibi haka, tun abin yana damunsa a shimfiɗa kawai har ya fara binsa wajen aiki. Daga nan sai a shiga neman abin haɗiya a ɓoye. To abinda nake so in faɗa maka ɗan uwa shine wannan matsala tana jin magani sosai, amma fa ba a ɓoye ake maganinta ba, kuma ba a dare ɗaya ba. Koyo ne kamar yadda ake koyon tuƙi, in koyon kaɗai bai wadatar ba sai likita ya ɗora maka da magani na gaskiya.

Kafin komai ka fara tabbatarwa kana da matsalar ma tukunna, dan wallahi mutane da yawa lafiyarsu ƙalau, cika bakin abokai ne da finafinan batsa suka sa musu shakku a kan kansu. A 2005 wani likita ɗan ƙasar Holan mai suna Marcel Waldinger da abokan aikinsa sun bi maza kusan 500 a ƙasashe biyar, Holan da Birtaniya da Sifen da Turkiyya da Amurka, aka ba su agogo ana auna lokaci daga shigar gaba zuwa fitar maniyyi, kuma abinda aka samu shine rabin mazan nan basu wuce minti 5 da rabi ba. Kaga kenan wanda yake minti 4 ko 5 ko 6 yana cikin jama'a, ba shi da wata cuta, in akwai abin gyara a wajensa to a wajen wasa ne da sanin jikin matarsa, zamu zo nan.

Ƙungiyar likitocin duniya masu kula da lafiyar jima'i ta fitar da ma'auni a 2014, ta raba abin gida biyu. Akwai wanda tun saduwarsa ta farko a rayuwa haka yake, kusan kullum cikin minti 1 ko ƙasa da haka, wani ma tun kafin ya shiga. Akwai kuma wanda da can lafiya lau yake, daga baya lokacin ya ragu sosai ya koma kamar minti 3 ko ƙasa. A duka biyun sai an haɗa da abu biyu, mutum ya kasa jinkirtawa ko ya so, sannan abin yana damunsa har yana sa shi ƙunci ko gudun shimfiɗa. Ka tsaya ka gane wanne ne naka dan hanyarsu ba ɗaya bace. Na farkon likitoci sun fi danganta shi da yadda aka halicci jijiyoyin mutum da wani sinadari na ƙwaƙwalwa da ake kira sirotonin, wanda yana cikin abubuwan da ke taka ma fitar maniyyi birki, dan haka ba laifinka bane, ba kuma alamar kai ba cikakken namiji bane. Na biyun kuwa yawanci akwai abinda ya jawo shi, raunin gaba ko kumburin furostet (wani ƙulli da ke ƙasan mafitsarar namiji) ko matsalar tayrod (wani ƙulli da ke gaban wuya) ko damuwa ko saɓani a gida, in aka gano tushen aka gyara sau da yawa shi ma sai ya gyaru. Wanda kuma sai jefi jefi abin yake samunsa, misali bayan doguwar tafiya ko an daɗe ba a haɗu ba, wannan kam kowane namiji yana gamuwa da shi.

Yanzu ga yadda abin yake a jiki, in ka gane wannan ka gane rabin aikin. Kawowa hawa biyu ce. Da farko maniyyi yana taruwa a bututun fitsari can ciki ta wajen furostet, a lokacin ne zakaji wannan jin na cewa ga shi nan tafe, sannan sai tsokokin da ke ƙasan gaba su riƙa matsawa suna turo shi waje. Da zarar hawa na farko ya kankama to birki ya daina kamawa, ko me zakayi sai ya fita. Matsalar mai saurin kawowa ita ce baya lura da hanyar da ake bi kafin a isa wannan gaɓa, daga fara jin daɗi sai ya tsinci kansa a gangara. Ka ɗauka jin daɗin nan ma'auni ne daga 1 zuwa 10, 9 ita ce gaɓar da ba komowa, aikinka shine ka koyi gane 6 da 7 a jikinka, numfashi ya fara sauri, cinyoyi da mazaunai sun ɗaure, ƙasan mara ya fara tsukewa, ka kuma koyi zama a wajen ba tare da ka haura ba. Duk dabarun da zan lissafa wannan abu ɗaya suke koyarwa.

Amma kafin dabara sai magana da uwargida, kuma nasan nan ne ya fi ma maza da yawa nauyi. Hannu ɗaya baya ɗaukar jinka. Mace da yawa in miji ya gama da wuri ya juya baya abinda take fassarawa shine bai damu da ita ba, kansa kawai ya sani, ko kuma ita ce bata burge shi, alhali shi kunya ce ta rufe shi. Ka zaɓi lokacin da hankalinku yake kwance, ba a tsakiyar abin ba kuma ba bayan an gama rai a ɓace ba, kace mata wance akwai abinda yake damuna na kuma san kema yana taɓa ki, na samu hanyar gyara amma sai kin taya ni. Iyakarta kenan, ba sai kayi dogon jawabi ba. Ke kuma 'yar uwa in ke ce kike karantawa, dan Allah ki sani gori da tsaki da kwatanta shi da wani babu abinda suke ƙarawa sai saurin, saboda fargaba ita ce babban man da ke rura wutar, namijin da ya shigo yana tsoron kar ya kunyata jikinsa a ɗaure yake tun kafin a fara.

Dabara ta farko kuma wadda na fi ba muhimmanci ita ce tsayawa da ci gaba. Wani likitan mafitsara a Amurka mai suna James Semans ne ya bayyana ta a 1956, har yau kuma ita ce ginshiƙi. Ba da saduwa ake farawa ba. Ka kwanta rigingine ka saki jiki, ita ta riƙa motsa maka gaba da hannunta a hankali, kai kuma ka maida hankalinka kacokan kan abinda kake ji, ba kan ita ba, ba kan agogo ba. Da ka ji ka kai wajen 7 sai ka ce ta tsaya, ko ku yi wata alama kamar ka taɓa hannunta, ta ɗauke hannu gaba ɗaya, ku jira kamar daƙiƙa 30 ko sama har jin ya sauka ya dawo wajen 4, sannan ta ci gaba. A yi haka sau uku, a na huɗu ka bari ya fita. Ku riƙa yi sau biyu ko uku a sati.

A satin farko kusan dole zaka makara wani lokacin, ka ce tsaya alhali ka riga ka tsallake, kar wannan ya karya maka gwiwa dan ta haka ne ma zaka gane inda gaɓar take, gobe sai ka tsaya da wuri kaɗan. Kuskuren da aka fi yi shine jira sai an kai 8 da rabi sannan a nemi tsayawa, gara ka tsaya da wuri fiye da kima a farko. In ka kai matsayin da zaka iya tsayawa sau uku ba kuskure a zama uku ko huɗu a jere, sai ku ƙara mai santsi a hannun, saboda santsi da ɗumi sun fi kusa da yadda ainihin abin yake, zakaga kamar an dawo da kai baya, ba komai ci gaba ne. Bayan wannan ya zauna sai a zo shiga, kuma nan ne nake so ka nutsu sosai: kai a ƙasa ita a sama, ta shigar ta zauna shiru ba motsi ko kaɗan, ku tsaya haka kana numfashi kana sabawa da ɗumin wajen, in jin ya haura ta ɗaga, in ya sauka ta dawo. Sai a fara motsi kaɗan kaɗan tana tsayawa duk sanda ka bada alama. Daga nan ku koma kwanciyar gefe da gefe, sai can ƙarshe kai a sama, dan wannan ita ce ta fi wahalar riƙewa tunda kana ɗauke da nauyin jikinka duk tsokokinka a ɗaure. Duk wannan zai iya cin sati shida zuwa wata uku, wani ma fiye, kar ka tsallake mataki dan kana ɗoki.

Akwai ƙanwar wannan dabara, ita ce matsewa, wadda William Masters da Virginia Johnson suka yaɗa a 1970. Bambancin kawai shine maimakon a ɗauke hannu a jira, sai a sa babban yatsa a ƙasan kan gaba daidai inda kan ya haɗu da jiki, yatsu biyu ta sama, a matsa da ɗan ƙarfi na 'yan daƙiƙu har jin kawowar ya janye, a jira kamar rabin minti a ci gaba. Ƙarfin gaban zai ɗan ragu, zai dawo. Wasu tana musu aiki, wasu kuma suna ganin tana katse musu daɗi ko tana musu zafi, in haka ne a barta a tsaya kan ta farko. Wanda gabansa dama baya riƙe ƙarfi sosai ni bana ba shi shawarar matsewa.

Sai motsa tsokar ƙasan ƙugu, wanda ake kira atisayen Kegel da sunan likitan da ya fito da shi, Arnold Kegel, a 1948. Asali dan mata masu yoyon fitsari bayan haihuwa aka yi shi, daga baya aka ga maza ma suna amfana. A wani bincike da aka yi a Italiya aka wallafa a 2014, maza 40 masu saurin kawowa tun asali sun yi sati 12 ana horar da wannan tsoka, 33 daga ciki suka samu iya riƙewa. Binciken ƙarami ne kuma ƙwararru ne suke tsaye a kansu, amma ya isa ya nuna abin ba tatsuniya bane. Yadda zaka gano tsokar, ita ce wadda kake matsewa in kana so ka riƙe iska kar ta fita a cikin mutane, ko ka katse fitsari a tsakiya. Ka gwada katse fitsarin sau ɗaya dan ka gane ta kawai, kar ka maida shi al'ada, yana hana mafitsara juyewa duka. In ka gano ta sai ka kwanta ko ka zauna, ka matse daƙiƙa 3, ka saki daƙiƙa 3, sau 10, sau uku a rana, a hankali ka ƙara tsawon riƙewar zuwa daƙiƙa 5 har 10. Ciki da cinya da mazaunai su zauna a sake, kuma kar ka riƙe numfashi, in kaga cikinka yana tauri to ba tsokar kake kamawa ba.

Abinda ba a cika faɗa ba shine sakin yana da muhimmanci kamar matsewar. Maza da yawa masu wannan matsala tsokar nan a ɗaure take duk tsawon saduwa ba su sani ba, kuma ɗaurewar tana tura su gaɓa da sauri. Dan haka ka koyi jin bambancin a ɗaure da a sake, lokacin saduwa ka riƙa leƙa wajen da hankalinka, in ka ji ya tsuke ka sauke dogon numfashi ka sake shi. In kuma atisayen yana jawo maka ciwo tsakanin maraina da dubura to ka dakata ka ga likita.

Numfashi ma haka, ka ja ta hanci har ciki ya taso, ka sauke a hankali ya fi jan tsawo, wannan kaɗai yana sauke bugun zuciya. Ka rage gudu musamman a minti na farko, shi ne ya fi haɗari, ka shiga ka ɗan tsaya tukunna. Maimakon dogon fita da shiga wanda ke gogar kan gaba inda jijiyoyin ji suka fi yawa, ka zauna ciki kana juya ƙugu a hankali. Ita kuwa shawarar nan ta ka kai tunaninka wani waje, ka riƙa lissafi ko tuna bashi, gaskiya bana goyon bayanta, zata iya ƙara maka 'yan daƙiƙu amma tana hana ka koyon abinda ya kamata ka koya wato jin jikinka, tana raba ka da matarka a lokacin da ya kamata kuna tare, wani ma garin haka gaban ya kwanta.

Kwaroron roba yana rage kaifin ji, musamman mai ɗan kauri, akwai ma waɗanda aka sa musu maganin kashe ji kaɗan a ciki. In zaku haɗa da mai santsi ku nemi na ruwa, mai maiƙo irin Vaseline yana cinye robar ta yage. Daɗewa ba a sadu ba yana ƙara sauri, dan haka kusantar juna akai akai taimako ne. Zagaye na biyu yakan fi daɗewa, matashi zai iya cin moriyar wannan, amma da shekaru suka ja lokacin da gaba ke ɗauka kafin ya sake tashi yana ƙaruwa, kar ka dogara da shi kaɗai. Motsa jiki da isasshen barci da barin sigari duk suna gyara jijiyoyin jini da rage damuwa. Giya kuwa ba magani bace, tana iya jinkirtawa yau ta kashe ƙarfin gaba gobe.

Ga wata magana da nake ganin ta fi duk wani lissafin minti. Mata da yawa, mafi yawa ma, ba sa kaiwa ga biyan buƙata da shiga da fita kaɗai komai daɗewarsa, sai an haɗa da taɓa ɗan tsaka da wasa mai tsawo. Kenan namijin da yake minti 2 amma ya bata lokaci da hannu da sumba da kalamai masu daɗi har ta gamsu ko ta kusa kafin ya shiga, ya fi wanda zai yi minti 20 bai san inda jin daɗinta yake ba. Kuma in ka riga ta, ba a tashi wasa ba, hannunka na nan, ka ƙarasa mata. Ranar da ka gane cewa gamsuwarta bata rataya a kan agogonka ba wani nauyi zai sauka daga ƙirjinka, kuma saukar nauyin nan da kansa yana ƙara maka lokaci.

To yaushe za a je asibiti? In tun farkon rayuwarka kake ƙasa da minti ɗaya, shawarata kar ka tsaya jiran dabaru kaɗai, ka haɗa da likita tun yanzu, irin wannan ya fi jin magani da dabara a haɗe. In kayi wata biyu zuwa uku kana gwadawa da gaske ba canji, ka je. In abin daga baya ya same ka, ka je. Sannan ka gaggauta in akwai ɗaya daga cikin waɗannan: gaba baya tashi sosai ko yana kwanciya a tsakiya, zafi wajen fitsari ko yawan fitsari ko ciwo a mara da lokacin kawowa, jini a maniyyi, ko kuma rama ba dalili da bugun zuciya da yawan zufa da rawar hannu, wanda alama ce ta tayrod mai aiki fiye da kima. Likita na gama gari ma ya isa a fara, in da buƙata zai tura ka wajen likitan mafitsara. In bakinka yayi nauyi ka rubuta a takarda ka miƙa masa, ba kai ne na farko da ya faɗa masa haka ba ko a satin. Zai tambaye ka tun yaushe, kamar minti nawa, kullum ne ko wani lokaci, ya ƙarfin gaba, wane magani kake sha, ka faɗi gaskiya har abinda ka saya da kanka ka sha. Yawanci hira da duba jiki sun isa, gwajin jini ko na fitsari ko na suga sai in ya ga alama.

Magani mafi sauƙi shine na shafawa ko fesawa mai rage ji a kan gaba, lidokain ko lidokain haɗe da pirilokain. Kirim irin EMLA ana shafa ɗan kaɗan kamar minti 20 zuwa 30 kafin saduwa, na fesawa irin Fortacin kuma minti 5 kafin. Sharaɗin shine ka goge ko ka wanke kafin ka shiga, ko ka sa kwaroron roba, in ba haka ba zai kashe mata nata jin ko ya sa mata raɗaɗi. In ka labta da yawa ko ka bar shi ya daɗe gaban zai yi sanyi ya daina ji har ya kwanta, dan haka a fara da kaɗan. Kar a shafa a kan rauni ko ƙuraje, kuma in matarka na da ciki ko kuna neman haihuwa ka faɗa ma likita kafin ka fara.

Sai na haɗiya. Dapoksetin, wanda aka fi sani da Priligy, shi ne aka yi musamman dan wannan matsala, an fara amincewa da shi a wasu ƙasashen Turai a 2009, duk da cewa hukumar magunguna ta Amurka bata amince da shi ba. Yana ɗaga sirotonin na ɗan lokaci ya fita jiki da wuri, shi yasa ba kullum ake sha ba, ana shan miligiram 30 awa 1 zuwa 3 kafin saduwa da cikakken kofin ruwa, ba fiye da sau ɗaya a awa 24 ba, likita ne kawai zai ce a ƙara zuwa 60. Yakan ninka lokaci kamar sau biyu zuwa uku, kenan mai daƙiƙa 50 yana iya komawa kusan minti 2 zuwa 2 da rabi, ka san da wannan tun farko dan kar ka sa ran awa guda. Yana iya kawo tashin zuciya da jiri da ciwon kai, wani har suma in ya miƙe da sauri, kar a haɗa shi da giya, kuma bai dace da mai wasu cututtukan zuciya ko ciwon hanta mai tsanani ko mai shan maganin damuwa ba. An tsara shi ne dan 'yan shekara 18 zuwa 64.

Akwai kuma magungunan ciwon damuwa da ake sha kullum, paroksetin da sertralin da fuluoksetin da kilomipiramin, da aka lura suna jinkirta kawowa sai likitoci suka riƙa bada su dan haka, paroksetin ne ya fi ƙarfi a wannan fanni. Basa aiki ran farko, sai bayan sati ɗaya zuwa uku. Suna iya kawo kasala da hamma da zufa da raguwar sha'awa, suna iya taɓa ingancin maniyyi, kuma ba a yanke su rana ɗaya, sai a hankali da umarnin likita, in ba haka ba jiri da rashin barci da ƙunci su biyo baya. Matashi ko wanda ya taɓa fama da ciwon damuwa ko makamancinsa dole likita ya sa masa ido sosai a farkon sha, in ka ji wani baƙin tunani na cutar da kanka ka koma asibiti a ranar.

Su kuma sildenafil da tadalafil, wato Viagra da Cialis, maganin tashin gaba ne ba na jinkiri ba. Inda suke amfani shine wajen wanda gabansa ke saurin kwanciya sai ya riƙa hanzari dan ya gama kafin ya kwanta, har hanzarin ya zame masa jiki, irin wannan raunin ake fara gyarawa, sau da yawa saurin sai ya tafi da kansa. Kuma raunin gaba kan zama alamar farko ta ciwon suga ko hawan jini ko toshewar jijiyoyin zuciya, wannan ma dalili ne na a duba ka. Mai shan maganin ciwon ƙirji na dangin naitiret kar ya kuskura ya haɗa da waɗannan, awon jininsa zai iya faɗuwa warwas har a rasa rai.

Dan Allah ka nisanci tiramadol. Eh yana jinkirtawa, shi yasa samari suke faɗawa, amma dangin ofiyom ne mai sa maye, jiki yana sabawa, ƙwaya ɗaya ta koma biyu ta koma biyar, yana kawo farfaɗiya da danne numfashi, in aka haɗa da dapoksetin ko magungunan damuwa sirotonin zai iya yin yawa har ya zama haɗari ga rai, kuma ranar da ka daina saurin yakan dawo fiye da da, ga sha'awar ta mutu. Garin neman gira an rasa ido kenan. Haka kayan ƙarfin maza da ake tallarsu a intanet ana cewa zallan ganye ne, hukumar magunguna ta Amurka ta sha fitar da gargaɗi bayan ta gwada ire irensu ta tarar da sildenafil a ɓoye ba a rubuta a jiki ba, kai baka san nawa ka haɗiya ba. Tiyatar yanke jijiyar gaba da allurar cika kan gaba ma manyan ƙungiyoyin likitoci basu bada shawararsu ba, jijiyar da aka yanke in ji ya tafi ba lallai ya dawo ba.

Ka sani yawancin magungunan nan suna aiki ne muddin ana amfani da su, in aka daina abin yakan dawo, shi yasa lokacin da magani ya ba ka ƙarin minti biyu ko uku kayi amfani da su wajen koyon tsayawa da ci gaba da sakin tsoka, bincike ya nuna haɗa magani da horo ya fi magani shi kaɗai. In akwai fargaba mai yawa ko tsohon saɓani tsakaninku ko wani abu da ya taɓa faruwa da kai yana dawo maka, ka nemi likita ya haɗa ku da masanin halayyar ɗan adam, ku je tare in ta yarda. In an ɗora ka kan dapoksetin ana so ka koma bayan sati 4 ko bayan ka sha sau 6, kafin ranar ka riƙa ɗan rubutawa a wayarka, kamar minti nawa kayi ba sai da agogo a hannu ba, sau nawa ka iya tsayawa, ko kaji jiri ko tashin zuciya, da abinda ita ta ce ta gani, da wannan ne likita zai san ko a ci gaba, ko a ƙara, ko a canza maka wani.